Albashin Ingila ya ruɗe mu: mu kwashe gaba ɗaya ko in fara yin gaba?

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata tara ina aiki. Ina da aure da yara biyu, mace 'yar shekara bakwai da namiji ɗan shekara uku. Na ci jarrabawar Turanci da ta kwamfuta ta NMC, hukumar da ke yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, kuma wani asibitin gwamnati a arewacin Ingila ya ɗauke ni aiki a matakin albashi na 5, albashin fam dubu talatin da ɗaya da 'yan kai a shekara, da masauki na wata biyu. Da muka canza kuɗin zuwa namu, sai da maigidana ya maimaita lissafin sau uku. Yanzu ya ce zai sayar da kasuwancinsa da motarsa mu tafi gaba ɗaya, don ba zai yarda a raba masa iyali ba. Mahaifiyata kuwa har ta fara lissafa ƙannena da zan riƙa biya wa kuɗin makaranta. Wata ƙawata da ke can ta ce kada in ruɗu, kuɗin ba ya kai ƙarshen wata, amma ita ɗin ma ba ta dawo ba. Ga kuma wani dillali da ke cewa in bari ya samo min Saudiyya, can babu haraji kuma gida kyauta ne. Barci ya ƙaurace min. Da na ce mu dakata, sai maigidana ya ga kamar so nake in tafi in bar shi. Yaya zan yi?

Wata uwa mai yara biyu

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Barka da wannan nasara tukuna. Matar da ta ci waɗannan jarrabawa biyu tana aikin kwana, ga yara a gida, ta cancanci jinjina. Rashin barcin nan kuma kada ya dame ki, zuciyarki ce ta gane akwai lissafin da ba a gama ba.

Ƙawarki gaskiya ta faɗa, maigidanki ma bai yi kuskuren ninkawa ba. Matsalar ita ce kun canza kuɗin da babu mai riƙe shi a hannu. Zo mu buɗe takardar albashin wata guda mu duba tare. A shekarar kuɗi ta 2025/26, farkon mataki na 5 a asibitocin gwamnati (NHS) na Ingila fam 31,049 ne, a kan aikin awa 37 da rabi a mako. In an raba shi gida goma sha biyu, fam 2,587 ke nan, shi ne adadin da ke saman takardar. A ƙasansa akwai layi uku masu zaftare shi. Fansho zai ɗauki kashi 8.3 cikin ɗari, wajen fam 215. Harajin albashi ba ya taɓa fam 12,570 na farko a shekara, amma abin da ya haura, bayan an fitar da na fansho, yana cire masa kashi 20, wajen fam 265 a wata. Sai kuɗin inshorar ƙasa, kashi 8 na abin da ya haura wancan adadin, wajen fam 123. Abin da zai faɗo asusunki bai cika fam 2,000 ba, kamar 1,980 ne. Da shi za ku yi lissafi. Ana ɗan ƙara albashin kowace shekara, amma tsarin cire-ciren haka yake. In takardar farko ta zo, ki duba lambar harajin da aka rubuta miki: wadda aka saba ita ce 1257L. In kika ga BR ko 0T, ana cire miki fiye da ƙima, sai ki tuntuɓi ofishin albashi da hukumar haraji a gyara, za a mayar miki da rarar.

Akwai ƙari a kan haka. Awa ɗaya a wannan mataki fam 16 ne ba 'yan kwabbai. Aikin dare daga ƙarfe 8 zuwa 6 na safe, da na Asabar, ana ƙara musu kashi 30, na Lahadi da ranakun hutun gwamnati kashi 60. Da wannan ne yawancin ma'aikatan jinya ke cike giɓi, shi ya sa za ki ga ana rububin Lahadi. Sai dai galibi kuɗin yakan zo ne a albashin wata na gaba, kuma jiki ne ke biya. Za ki ji masu ba ki shawarar ki fita daga fansho don fam ɗari biyun nan su dawo aljihu. Ki yi nazari kafin ki sa hannu, domin asibitin na zuba miki sama da kashi 20 na albashinki a ciki, kuma in rai ya yi halinsa kina bakin aiki, tsarin yana biyan iyali dunƙulen kuɗi. Mai ƙananan yara ba ta wasa da irin wannan.

Ko wancan 1,980 ɗin ma ba za ki fara da shi ba. Ba ki zama cikakkiyar ma'aikaciyar jinya a idon dokarsu ba sai kin ci jarrabawar aiki da hannu, OSCE, wadda a can ake yin ta. Kafin nan asibitoci kan biya mutum a mataki na 3 ko na 4, bambancin kuwa ɗaruruwan fam ne a wata. Ana son ki zauna ta karon farko cikin mako 12 da ranar fara aikin da ke kan takardar ɗaukar nauyinki. Tashoshi goma ne, kuɗinta ya kusa fam 800, wanda ya faɗi wasu tashoshin su kaɗai zai maimaita a kan rabin kuɗin, kuma dama uku ce. In wata takwas suka cika NMC ba ta yi miki rajista ba, asibitin ba zai iya ci gaba da ɗaukar nauyin bizarki ba. Ba rashin iya aiki ke kayar da ƙwararru a jarrabawar nan ba. Ƙananan abubuwa ne: mantawa da tambayar majinyaci sunansa da ranar haihuwarsa kafin a ba shi magani, rashin faɗa da baki abin da hannu ke yi, cika takarda ba yadda suke so ba, ƙarewar lokaci. Abu ne na atisaye da natsuwa. Ki auna da kanki ko za ki sami natsuwar nan a ɗaki ɗaya da yaro ɗan shekara uku, da miji da bai san ko'ina ba, ga kuɗin hannu na narkewa. Albashin farko kuma sai ƙarshen wata, in kika iso bayan an rufe lissafin watan kina iya yin mako biyar ko shida ba ki ga ko kwabo ba.

Sai maganar gida, wadda ita ce ke cinye kaso mafi tsoka. Masaukin da asibiti ke bayarwa yawanci ɗaki ɗaya ne a gidan da ma'aikata ke haɗa kicin da banɗaki, kuma da yawa ba sa karɓar iyali. Ki tambaya a rubuce. Wata biyu kuwa kamar yau ne. Mamallakin gidan haya zai nemi shaidar izinin zama, da takardun albashi, da tarihin biyan bashi a ƙasar, wanda baƙo ba shi da shi, shi ya sa wasu ke cewa sai an kawo garanto, wato mai tsaya wa mutum, mazaunin can. Wasiƙa daga asibitin mai nuna aikin dindindin ne da adadin albashi tana buɗe ƙofa, ki nema tun makon farko. Mu ƙaddara kin sami gida mai ɗakin kwana biyu a kan fam 900 a wata, misali ne kawai, farashin ya danganta da gari da unguwa. Doka a Ingila ta hana karɓar kuɗin ajiya, wato jinginar da ɗan haya ke bayarwa, fiye da hayar mako biyar, wato kamar fam 1,038 a wannan misalin, kuma tilas a saka shi a ɗaya daga cikin asusun kariya da gwamnati ta amince da su cikin kwana 30. Ki haɗa da hayar watan farko, fam 1,938 ke nan kafin a miƙa miki makulli, kusan albashin wata guda cif. Gidaje da yawa kuma fayau ake ba da su, ba gado ba katifa. Ranar shiga ki ɗauki hoton kowane bango da kowace mita, don shi ne hujjarki ranar fita. Kada kuma ki tura wa kowa kuɗin gidan da ba ki shiga da ƙafarki kin gani ba, 'yan damfara sun san baƙi a matse suke.

Bayan haya akwai harajin ƙaramar hukuma, wanda ɗan haya ne ke biya, kuma yakan haura fam ɗari a wata ko a ƙaramin gida. Baligi ɗaya a gida ana rage masa kashi 25, ran da maigida ya iso rangwamen ya ƙare. Mu sa masa 140. Gas da lantarki da ruwa ki ware musu kamar 200, ki san cewa na hunturu ya fi na bazara nesa ba kusa ba. Waya da intanet 60, motar haya zuwa aiki 80. In kin cire duka daga 1,980, fam 600 suka rage. A cikinsu ne mutum huɗu za su ci su sha, a sayi rigunan sanyi da takalma da kayan makaranta, a biya kuɗin sabunta rajistar NMC na shekara, a tara kuɗin jirgi in wani abu ya taso a gida. Kin ga inda maganar ƙawarki ta fito. Dalilin da ya sa ba ta dawo ba kuma shi ne, in gida ya sami albashi biyu, ko mutum ya hau mataki na 6, lissafin yakan sake kama, ga makarantar yara da asibiti ba a biya. Shekarar farko ce mai ɗaci.

Yanzu ga abin da ba ki ambata a wasiƙarki ba, kuma a ganina shi ne ƙashin bayan maganar: wa zai riƙe yaran? Ki hango wata safiyar Disamba. Kin fito ƙarfe shida da 'yan mintuna, gari baƙi ƙirin, kina jiran bas numfashinki na fita kamar hayaƙi. Za ki karɓi aiki wajen bakwai ko bakwai da rabi, ba za ki miƙa shi ba sai wajen takwas na dare. Makarantar 'yarki ba ta buɗe ƙofa sai tara saura, ta tashi uku da 'yan mintuna, kuma yarinya 'yar shekara bakwai sai wani babba ya kai ta ya ɗauko ta. Makarantar gwamnati kyauta ce gare ta, ta hannun ƙaramar hukuma ake neman gurbi, amma sai da adireshi, wato sai an sami gida tukuna. Ɗan autan kuwa ba zai shiga makaranta sosai ba sai Satumbar da ta biyo bayan cikarsa shekara huɗu. Kafin nan yana da awa 15 kyauta a mako a gidan raino, na mako 38 a shekara, wannan kowane yaro ɗan shekara uku da huɗu na samu a Ingila. Awa 30 da za ki ji ana magana, da kuɗin tallafin yara, da tallafin haya, duk suna cikin abin da bizarku ta haramta muku, domin a kanta an rubuta ba ku da hakki a asusun tallafin gwamnati. Duk awar da ta wuce 15 daga aljihu za a biya, kuma rainon yaro na cikakken lokaci yana iya kamo kuɗin haya. Gidajen rainon ma ba sa aikin dare. Babu kaka, babu ƙanwa, babu maƙwabciyar da za a ce ta ɗan duba. Dokarsu ba ta yanke shekarun da ake iya barin yaro shi kaɗai ba, amma laifi ne a bar shi a halin da zai iya cutuwa, kuma ma'aikaciyar jinyar da 'yan sanda suka rubuta wa gargaɗi tilas ta sanar da NMC. Kin ga kuskuren dare ɗaya yana iya taɓa yaran, ya taɓa rajista, ya taɓa biza.

Amsar tambayar dai maigidanki ne. Shi zai riƙa kai yara da ɗauko su, ya yi wanka da girki a ranakun da kike aikin awa goma sha biyu, ya hana su hayaniya da rana in kin kwana a asibiti. Bizar da zai samu a matsayin mijinki ta ba shi damar yin kusan kowane aiki, har da na kansa. Amma aikin da baƙo ke fara samu ba ya rasa nasaba da ɗaukar kaya a rumbun ajiya, ko shara da goge-goge, ko gadi in ya yi lasisi, ko kula da tsofaffi, kuma dole awanninsa su kauce wa naki. Mutumin da ya saba shi ke buɗe wurin kasuwancinsa, yara na gaishe shi da girmamawa, shi ke ciyar da gida, zai wayi gari izinin zamansa ma a jikin aikin matarsa yake rataye. Aure da yawa a nan yake samun tangarɗa, ba don mugun hali ba, don ba a taɓa zama an faɗi abin da baki ba tun kafin a hau jirgi. Shi ma ki duba tasa fargabar. Da ya ce ba zai yarda a raba masa iyali ba, ba mulki kaɗai yake nunawa ba. Yana tsoron ki yi nisa ki saba da rashinsa, yana tsoron abin da mutane za su ce, wataƙila kuma yana tsoron in bai bi ki yanzu ba ƙofar za ta rufe. Tsoro na ƙarshen nan yana da tushe: tun 11 ga Maris 2024 aka hana sababbin masu aikin kula da tsofaffi zuwa da iyalansu. Hanin bai shafi ma'aikatan jinya ba, amma ya nuna dokokin na sauyawa.

Shawarata ita ce ki fara yin gaba ke kaɗai, amma da rana tsayayya, ba "sai abin da hali ya yi" ba. Wata huɗu zuwa shida ya isa ki ci OSCE, ki hau mataki na 5, ki tara takardun albashi uku, ki kama gida, ki nemi gurbin makaranta. Dokar biza ta yarda iyali su nemi tasu daga baya su biyo ki. Shi kuma a wannan tsakanin kasuwancinsa na ci gaba da ciyar da gida, ba a taɓa albashinki ba. Ki sani kuma ba za ki iya ɗaukar yaran ki bar shi a baya cikin sauƙi ba, domin ƙa'idar ita ce iyaye biyun su kasance suna can ko suna nema tare, sai in an tabbatar ɗaya ne kaɗai ke da alhakin yaran. Wannan ma hujja ce da za ta kwantar masa da hankali: yaran suna hannunsa, tare za su zo. Maganar sayar da kasuwanci kuwa, kada a saki reshe a kama ganye. Motar ana iya sayarwa a ƙara a guzuri, tun da ajiye ta lalacewa ce. Kasuwancin a damƙa wa amintacce da yarjejeniya a rubuce da shaidu, a ba shi shekara guda. In zaman can ya karɓe shi, sai a sayar a tsanake da daraja. In bai karɓe shi ba, yana da wurin dawowa, kuma namijin da ya san yana da wurin dawowa ya fi haƙurin zama.

Yadda za ki faɗa masa ma yana da muhimmanci. Kada ki fara da "mu dakata", kalmar ce ke sa shi jin an ture shi. Ki zaunar da shi da takarda da biro bayan yara sun yi barci, ki ce, "Abban yara, taya ni wannan lissafin, kai ka fi ni sanin kuɗi." Ki bar shi ya cire haraji da haya da hannunsa har ya iso kan fam 600 ɗin nan. Ɗan kasuwa ne, zai gani. Sannan ki ce, "Gaba zan yi in share mana wuri, kai ka zaɓi watan da za ku taso." Ku fara haɗa takardun tafiyarsu tun yanzu, fasfo da takardar aure da takardun haihuwa, ya ga da idonsa maganar zuwansa ba ta fatar baki ba ce. Ki tambaye shi kai tsaye ko zai iya riƙe yara kwana uku ko huɗu a mako, ki saurari amsar ba tare da gardama ba.

In ya kafe sai dai a tafi tare, ba haramun ba ne, iyalai na yi. Amma da sharaɗi: ku sauka da kuɗin da zai riƙe ku wata uku cur ba tare da albashi ba, ban da kuɗin kama gida, kuma ku san inda za ku kwana tun kafin ku tashi. Kada adadin da ofishin biza ke nema ya yaudare ku. Fam 1,270 ne naki, 285 na miji, 315 na ɗan fari, 200 na mai bi masa, a ajiye kwana 28 a asusu in asibitin bai tsaya muku ba. Wannan na cika ƙa'ida ne, ba zai kama muku gida ba. Abu ɗaya mai daɗi shi ne bizar ma'aikatan lafiya ta yafe muku, ke da su, harajin lafiya na fam 1,035 a shekara da ake karɓa daga kowane baligi a yawancin sauran bizoji.

Mahaifiyarki kuma ba kwaɗayi ne ya sa ta lissafi ba. Ta yi wahala da ke, ta ji adadin da kuka ji, ta yi abin da kowace uwa za ta yi. Tun ran gini ran zane: ki same ta tun yanzu, ke da ita, ki ce, "Umma, wata shida na farko ba zan iya turo komai ba, jarrabawa ce a gabana da neman gida. Bayan nan ga abin da zan riƙa turowa duk wata, ke za ki raba shi yadda kika ga ya dace." Ki yanke adadin da ko a watan da ba ki yi aikin Lahadi ba za ki iya, ko da ya yi miki ƙanƙanta a ido. Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ke yankewa, kuma in ta hannunta yake bi, kin huta da kiran kowane ƙane daban. Abin da ke karya ma'aikata a can shi ne karɓar katin bashi don a rufe bakin 'yan'uwa, sai a koma aikin ƙari ba hutu don biyan ruwan bashin, gajiya kuma ita ce uwar kuskuren magani.

Dillalin Saudiyya bai yi ƙarya ba a kan haraji, ba a cire harajin albashi a can, kuma asibitoci da yawa na ba da masauki da motar kai ma'aikata da tikitin zuwa gida na shekara. Wadda burinta ta tara kuɗi cikin shekara biyu ko uku ta koma, sau da yawa ta fi tarawa a can. Amma ki tambaye shi abu ɗaya: kwantiragin na mai iyali ne ko na mutum ɗaya? Yawancin na ma'aikatan jinya na mutum ɗaya ne, masaukin na mata ne zalla. In ma an yarda ki kawo iyali, ma'aikacin asibiti mai zaman kansa na biyan riyal 400 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, ku kuwa uku ne, riyal 14,400 ke nan a shekara. Makarantar yara ta kuɗi ce, maigida kuma ba zai yi aiki da iƙamar rakiya ba sai ya sami mai ɗaukar nauyinsa. Makon aiki awa 48 ne, harajin kayan masarufi kashi 15, kuma sai kin sake bin layin tantance takardu na DataFlow da jarrabawar Prometric da rajistar hukumar lafiyarsu. Ga wadda mijinta ke cewa ba za a raba masa iyali ba, wannan hanyar ta fi raba su. Ga aiki a hannu kuma, ban ga dalilin sakinsa a bi alkawarin dillali ba.

Kafin ki sa hannu a na Ingilan, ki karanta sashen da ke maganar mayar da kuɗi. Asibitoci kan biya jirgi da biza da jarrabawa, su rubuta cewa in kika bar aiki kafin shekara biyu ko uku za ki biya su. Ƙa'idar ɗaukar ma'aikatan lafiya daga ƙetare ta Birtaniya ta ce a fayyace adadin tun farko, ya dace da abin da aka kashe, kuma ya riƙa raguwa da tafiyar lokaci. In ba a rubuta adadi ba, ki nemi a rubuta. Duk wanda ya ce ki biya shi kuɗin samo miki aiki a Birtaniya ya saɓa dokarsu. Ki kuma riƙe a ranki cewa bizar a jikin wannan asibitin take: in aikin ya ƙare, yawanci kwana 60 ake ba mutum ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya fice, shi da iyalinsa. Shi ya sa shiga ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan jinya tun watan farko ba asarar kuɗi ba ce.

Sauran na yau da kullum ne, za ki koya da sauri. Ki yi rajista da likitan unguwa a makon farko, kyauta ne, amma a Ingila ana biyan fam 9.90 a kan kowane maganin da aka rubuta wa babba, na yara kyauta, likitan haƙori kuma samun gurbinsa sai an sha wuya. Lasisin tuƙin yawancin ƙasashe wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai an ci jarrabawarsu, inshorar sabon direba kuma tsada gare ta, don haka ki nemi gida a kan hanyar bas ɗin da ke fita da asuba, ki duba jadawalinsa na Lahadi musamman. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, mai aikin yini yakan yi kwanaki bai gan ta ba, kuma hukumar lafiyarsu na ba masu duhun fata shawarar shan bitamin D, maikurogiram 10 kullum, duk shekara. Kasala da ƙuncin da ke zuwa a watannin nan sananne ne, kada ki ɗauka imaninki ne ya yi rauni ko kin yi kuskuren zuwa. Ki nemi mutane, ki fita ko da sanyi. Wani abin da ke ba baƙi mamaki shi ne funfuna: don gudun kuɗin gas sai a kashe hita, a rufe tagogi ruf, a shanya wanki a ɗaki. Da safe sai a ga gilashin taga na zubar da ruwa, bayan 'yan makonni bayan kabad ya yi baƙi, yaro ya fara tari, mamallakin gida kuma ya zaftare kuɗin ajiya. Maganinsa ɗumi kaɗan mai ɗorewa, da buɗe taga na 'yan mintuna kowace safiya, da goge raɓar kafin ta kwana.

A wannan makon ki aika wa ofishin ɗaukar ma'aikata na asibitin saƙo ɗaya, ki tambaye su matakin da za a biya ki kafin OSCE, wa zai biya in aka maimaita ta, ko masaukin na karɓar iyali da abin da zai biyo bayan wata biyun, ranar da albashin farko zai shigo da ko suna ba da wani abu kafin nan, da adadin da za ki mayar in kika tafi a shekara ta farko ko ta biyu. Ba za su ga baƙinki ba, tambayoyin da suka saba ji ne. Amsar da suka turo ki buga ta a takarda, ita za ki ajiye a gaban Abban yara daren da za ku yi lissafin. Allah Ya sa a tafi a sa'a, Ya haɗa ku da yaran cikin alheri.